Ruwan Bama-bamai Kan Fararen Hular Japan a 1945: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan Agusta ya kama, kafofin labarai kan tuna da Hiroshima da Nagasaki, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta dawowa daga ɗalibai, malaman tarihi da masu bibiyar al'amuran duniya. Mun tattara waɗanda aka fi yi. Mun ba gobarar Tokyo fili sosai, domin wanda bai san ta ba, ba zai gane yadda aka kai ga Hiroshima ba.

1. Ba Hiroshima da Nagasaki kaɗai aka kai wa hari ba ne?

A'a, su ne dai ƙarshen al'amarin. Tun ƙarshen 1944 jiragen Amurka samfurin B-29 suka fara tashi daga tsibiran Saipan, Tinian da Guam, su yi tafiyar kimanin kilomita 2,400 su kai hari cikin Japan. Daga Maris zuwa Agustan 1945 an ƙona birane fiye da 60 da bama-bamai masu tada gobara. An fara da Tokyo a daren 9 wayewar 10 ga Maris, sai Nagoya, Osaka da Kobe cikin kwana goma da suka biyo baya. Da manyan birane suka ƙare aka koma kan ƙanana. Toyama ta ƙone kusan ƙurmus a daren 1 ga Agusta. An kai wa Kumagaya hari a daren 14 ga Agusta, sa'o'i kaɗan kafin Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya ta rediyo.

Bam ɗin nukiliya na farko, na yuraniyom, ya fashe a kan Hiroshima ranar 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe. Na biyu, na fulutoniyom, ya fashe a kan Nagasaki ranar 9 ga Agusta da ƙarfe 11:02.

2. Mutum nawa suka mutu, kuma me ya sa alƙaluman suka sha bamban?

A daren Tokyo 'yan sandan birnin sun ƙirga gawa fiye da 83,000, masana da yawa kuma na kai adadin kusan 100,000. Sama da mutum miliyan ɗaya suka wayi gari ba matsuguni. Hukumomin Hiroshima sun ƙiyasta mutum kusan 140,000 suka mutu kafin ƙarshen 1945, na Nagasaki kuma kusan 74,000. Idan aka haɗa dukkan hare-haren sama, hukumar binciken da Amurka ta tura bayan yaƙi ta ba da kimanin 330,000, yayin da wasu masana a Japan ke kai shi rabin miliyan ko fiye.

Dalilan bambancin a fili suke. Rajistar mazauna unguwanni ta ƙone tare da ofisoshin da aka ajiye ta. Gidaje da yawa sun mutu kaf, ba wanda ya rage ya kai rahoto. Wasu gawawwakin sun zama toka, wasu kogi ya tafi da su teku. Sojoji, matafiya da 'yan Koriya da aka kawo aikin tilas ba duka ne ke cikin rajista ba. Sannan akwai batun ranar da aka tsayar da ƙirga: wanda ya tsaya a makon farko zai sami adadi ƙasa da na wanda ya jira Disamba, saboda cutar da muka yi bayani a tambaya ta 7. Duk wanda ya kawo maka adadi ɗaya tak ya ce shi ne daidai ba ragi ba ƙari, ka tambaye shi wace rana ya tsaya, kuma su wa ya sa a ciki.

3. Me ya sa aka bar auna masana'antu aka koma ƙona unguwanni?

Tsarin farko shi ne jirage su tashi da rana, su yi sama sosai, kusan mita 9,000, su auna masana'antar injin jirgi kai tsaye. Bai yi aiki ba. A can sama a kan Japan akwai wata iska mai gudun da kan wuce kilomita 200 a awa, tana kwashe bama-bamai daga inda aka nufa, ga gajimare da ke rufe ƙasa mafi yawan kwanaki. A Janairun 1945 aka cire Janar Haywood Hansell, aka naɗa Curtis LeMay. Shi ya juya tsarin: a tashi da dare, a sauko ƙasa tsakanin mita 1,500 da 2,700, a rage bindigogin jirgi da harsasai don a ƙara lodin bam, a bar auna gini ɗaya a auna unguwa sukutum.

Amma kada a ɗora wa LeMay shi kaɗai, domin an shirya kayan aikin tun kafin zuwansa. A 1942 aka haɗa nafam a Jami'ar Harvard, wato fetur da aka cakuɗa da sinadari har ya yi kauri da danƙo, ya manne a duk abin da ya taɓa yana ci. A 1943 sojan Amurka suka gina gidaje irin na Japan a filin gwaji na Dugway da ke jihar Utah, da katakonsu da tabarminsu da kayan ɗaki, suna ƙona su suna sake ginawa don a gano bam ɗin da ya fi cin su. Wanda ya yi zarra shi ne M-69: bututun ƙarfe mai kusurwa shida, tsawonsa kusan rabin mita, nauyinsa bai kai kilo uku ba. Ana ɗaure 38 a dami ɗaya, damin ya buɗe a sama, kowane bututu ya huda rufi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya feso nafam mai ci a cikin ɗaki.

Hujjar da aka bayar ita ce ƙananan wuraren sana'a na cikin unguwanni suna ƙera wa manyan masana'antu ƙananan kayayyaki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai hukumar binciken Amurka da kanta ta gano daga baya cewa zuwa 1944 aikin cikin gida ya kusa fita daga harkar kayan yaƙin Japan. Kuma an zaɓi unguwannin ne bisa cunkoso da saurin kamawar wuta.

4. Me ya sa daren Tokyo ya ci rayuka haka? Ina mafaka, ina 'yan kwana-kwana?

Jirage 279 suka sauke kusan tan 1,665 na bama-bamai cikin kimanin awa biyu da rabi, daga bayan sha biyun dare kaɗan. An nufi gabashin birnin ne, unguwannin Asakusa, Honjo da Fukagawa a gaɓar kogin Sumida, mazaunin leburori da masu ƙananan sana'o'i, inda kusan mutum 40,000 ke zaune a kowane murabba'in kilomita cikin gidajen katako da takarda, manne da juna. Daren kuma ana iska mai ƙarfi. Wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa cikin hunturu ya san yadda iska ke ɗaukar wuta ta tsallake layi. A nan wutar ta cinye kimanin murabba'in kilomita 41 kafin gari ya waye. Ƙarfin 'yan kwana-kwana ya ƙare tun a awa ta farko.

Abin da aka koya wa jama'a shi ya kashe da yawansu. Mafakar da hukuma ta sa a haƙa rami ne mara zurfi a tsakar gida ko ƙarƙashin daɓen ɗaki, a rufe da katako. Wuta ta zuƙe iskar ciki, mutane suka shaƙe. Hular auduga mai kauri da aka ce a sa don kare kai ita tartsatsi ya fara kamawa. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin mata da ke gudu da goyo, wuta ta kama jaririn a baya uwar ba ta sani ba. Wasu suka cika makarantun kankare, zafi ya shiga ta tagogi ya gama da su a ciki. A gadar Kototoi jama'ar wannan gaɓa suka gudo suna neman waccan, na waccan suka gudo suna neman wannan, suka cushe a tsakiya da kayansu a ka, wuta ta bi ta kansu. Waɗanda suka faɗa kogi kuwa, ruwan Maris sanyi ne ƙarara, da yawa suka nutse ko sanyi ya kashe su.

Mazan da suka isa ɗaukar bindiga suna fagen daga, don haka mafi yawan mamatan mata ne da tsofaffi da yara. Tun 1944 an kwashe 'yan firamare zuwa ƙauyuka, amma 'yan aji shida da yawa sun dawo gida a farkon Maris don bikin kammala makaranta. Amurka ta rasa jirage 14 a daren.

5. An ce an jefa takardun gargaɗi. Me ya hana mutane gudu?

An jefa, amma a makare. Takardun da ke lissafa sunayen garuruwan da za a iya kai wa hari sun fara sauka ne a ƙarshen Yuli, wata huɗu bayan Tokyo. Ba a gargaɗi Hiroshima game da sabon bam ba, domin kwamitin da ke ba Shugaba Truman shawara ya yanke a yi amfani da shi ba sanarwa. Takardun da suka yi bayanin bam ɗin nukiliya sun isa Nagasaki ne bayan an riga an jefa mata shi. Sanarwar Potsdam ta 26 ga Yuli, wadda Amurka da ƙawayenta suka fitar suna neman Japan ta miƙa wuya, ta yi barazanar hallaka gaba ɗaya, ba ta ambaci makami ko gari ba.

Ɗaya rabin amsar yana wuyan gwamnatin Japan. Dokar tsaron sama ta 1937, da aka tsaurara a 1941, ta ba hukuma ikon hana mazauna birni ficewa, ta kuma wajabta musu tsayawa su kashe wuta da bokiti da yashi. Riƙe takardar abokan gaba laifi ne, ana miƙa ta ga 'yan sanda. A Aomori mutane sun gudu ƙauye a tsakiyar Yuli, sai hukumar lardin ta ce duk wanda bai dawo ba zuwa 28 ga wata za a yanke masa rabon abinci. Da yawa suka dawo. A daren 28 ɗin aka ƙona garin.

6. Yaya aka zaɓi Hiroshima da Nagasaki? Ba sansanonin soja ba ne?

Wani kwamiti na sojoji da masana kimiyya ya zauna a bazarar 1945 yana neman birane manya da gobara ba ta taɓa ba tukuna, don a iya auna ƙarfin bam ɗin, ya kuma girgiza zukata. An ba da umarnin a keɓe su daga hare-haren gobara. Kyoto na kan gaba a jerin, sakataren yaƙi Henry Stimson ya cire ta saboda matsayinta a tarihi da addinin Japanawa, daga baya Nagasaki ta shiga.

Hiroshima tana da hedikwatar babbar runduna ta biyu da tashar jiragen ruwa ta Ujina, kuma akwai dubban sojoji a cikinta. Wannan gaskiya ne. Amma inda aka auna shi ne gadar Aioi a tsakiyar gari, bam ɗin ya fashe mita 600 a sama da wani asibiti, manyan masana'antun bakin gari kuwa mafi yawansu suka tsira. A safiyar an fito da dubban ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 suna rushe gidaje don yanke hanyar gobara. Kusan 6,000 daga cikinsu suka mutu. Nagasaki ma ba ita aka nufa ranar ba. Kokura aka nufa, hayaƙi da gajimare suka rufe ta, jirgin ya juya. Bam ɗin ya fashe a kan kwarin Urakami, tsakanin masana'antun Mitsubishi biyu, a unguwar Kiristocin Japan, inda kusan 8,500 daga mabiya Katolika 12,000 suka mutu.

Truman ya rubuta a littafin ajiyarsa ranar 25 ga Yuli cewa soja za a nufa, ba mata da yara ba, ya kuma kira Hiroshima sansanin soja a jawabinsa. Ranar 10 ga Agusta, bayan rahotanni sun iso, ya hana jefa na uku sai da izininsa.

7. Ta yaya bam ɗin nukiliya ke kisa, kuma me ya sa waɗanda ba su ji rauni ba suka mutu daga baya?

Ta hanya huɗu. Da farko walƙiyar zafi: a ƙasa daidai inda ya fashe zafin ya kai digiri 3,000 zuwa 4,000 na ɗan lokaci, fatar da ke buɗe ta ƙone har a nisan kilomita uku, baƙin zanen tufafi ya fito a jikin mai shi. Sai bugun iska da ya rushe gidaje a kan mutane ya mai da gilashi tamkar harsashi. Sai gobara ta bi ta kan waɗanda gini ya danne. Na huɗu shi ne tururin nukiliya, wanda ba a gani, ba a jin ƙamshinsa.

Tururin yana lalata ɓargo da bangon hanji. Alamun farko amai ne da gudawa cikin sa'o'i. Daga nan mutum kan ji sauƙi na kwanaki har ya ɗauka ya tsira. A mako na biyu gashi ya fara zuba, ɗigon shunayya ya fito a fata, dasashi ya riƙa jini, zazzaɓi ya tashi. Fararen ƙwayoyin jini sun ƙare, ƙaramin rauni sai ya ruɓe. Mace-macen irin wannan sun fi yawa tsakanin mako na uku da na shida. Likitoci sun fara ɗaukar abin atuni ne, suka killace marasa lafiya. Ga shi kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin Hiroshima sun mutu ko sun ji rauni, haka ma ma'aikatan jinya. Wakilin Red Cross, Dakta Marcel Junod, bai iso da tan 15 na magunguna ba sai 8 ga Satumba. Waɗanda baƙin ruwan sama mai ɗauke da ƙurar bam ya jiƙa, ko suka sha shi don ƙishirwa, da waɗanda suka shiga gari neman 'yan'uwa a kwanakin farko, su ma wasunsu sun kamu.

Bayan shekara biyu sankarar jini ta fara ƙaruwa, ta kai ƙololuwa a farkon shekarun 1950, ta fi kama waɗanda suke yara lokacin harin. Sadako Sasaki tana da shekara biyu a ranar, ta rasu a Oktoban 1955 tana da 12. Sauran nau'o'in sankara, na maƙogwaro da nono da huhu, sun biyo baya bayan shekara goma zuwa sama. Jariran da ke ciki, musamman tsakanin mako na 8 da na 15, wasu an haife su da ƙaramin kai da tawayar ƙwaƙwalwa.

8. 'Ya'yan waɗanda suka tsira sun gaji cutar? Ana zaune a biranen yanzu?

Binciken da aka faro a ƙarshen shekarun 1940, wanda ya bi rayuwar kusan mutum 120,000 da kuma dubban 'ya'yansu, bai gano ƙarin nakasa ko sankara da za a iya aunawa ba a 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu bayan harin. Amma tsoron ya yi ɓarna tasa. An ƙi aurensu, an ƙi ɗaukarsu aiki, da yawa suka ɓoye asalinsu har ga 'ya'yan cikinsu.

Biranen biyu cike suke da jama'a, Hiroshima ta haura mutum miliyan ɗaya. Bama-baman sun fashe ne a sama, mafi yawan ƙurar ta tashi da gajimaren, abin da ya rage kuma ya dushe da sauri.

9. Ai Japan ce ta fara. Ba abin da ta shuka ta girba ba?

Ta'asar sojan Japan ba abin musu ba ce, kuma bai kamata tausayin Hiroshima ya rufe ta ba. Kisan kiyashin Nanjing a Disamban 1937, ruwan bama-bamai kan fararen hular Chongqing daga 1938 zuwa 1943, gwajin ƙwayoyin cuta a jikin mutane da Runduna ta 731 ta yi, tilasta wa mata zama a gidajen sojoji, kisan kiyashin dubban fararen hula a yaƙin Manila a Fabrairun 1945, da harin Pearl Harbor na 7 ga Disamban 1941: duk sun faru. Mutanen Sin da Koriya da Filifin da suka yi murna da faɗuwar Japan suna da dalilinsu.

Sai dai wanda ya shuka daban, wanda aka sa ya girba daban. Janar-janar ɗin da suka ba da umarnin Nanjing ba su ne a kan gadar Kototoi ba. Matar da ke wanke kwano a Fukagawa ba ta da ƙuri'a, domin matan Japan ba su sami 'yancin zaɓe ba sai bayan yaƙi, kuma ɗan sandan asiri na jiran duk wanda ya yi gunaguni. Cikin mamatan Hiroshima akwai dubban 'yan Koriya, waɗanda su kansu Japan ce ta zalunce su, da fursunonin yaƙi Amurkawa 12. Laifi tudu ne: Amurka ta la'anci harin Chongqing, Shugaba Roosevelt ya roƙi ƙasashe a ranar 1 ga Satumban 1939 kada su jefa wa fararen hula bam, bayan shekara biyar da rabi jiragenta suka yi abin da ya ninka shi. Japan kuma ta daɗe tana tuna nata ciwon tana kau da kai daga na maƙwabta.

10. To, ba bama-baman ne suka kawo ƙarshen yaƙin suka ceci rayuka ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba a amsa ta da ɗaga kafaɗa. An shirya mamaye tsibirin Kyushu ranar 1 ga Nuwamban 1945. Yaƙin Okinawa, daga Afrilu zuwa Yuni, ya ci Amurkawa fiye da 12,000 da fararen hular tsibirin kusan 100,000 ko fiye. Saƙonnin sirrin da Amurka ke karantawa sun nuna Japan na ta jibge sojoji a Kyushu. A ƙasashen da Japan ta mamaye kuwa, mutane na mutuwa da yunwa da aikin tilas kowane wata. Ko bayan Nagasaki majalisar ƙoli ta mutum shida ta rabu uku da uku, sai da Hirohito ya sa baki a daren 9 ga Agusta, kuma wasu hafsoshi sun yi yunƙurin juyin mulki a daren 14 don hana miƙa wuya.

A ɗaya ɓangaren, Tarayyar Sobiyet ta ayyana yaƙi ranar 8 ga Agusta ta kutsa Manchuria washegari. Shugabannin Japan sun dogara ne da Mosko ta shiga tsakani, wannan ƙofa ta rufe a daren, kuma masana da dama na ganin girgizar ta kai ta Hiroshima ko ta fi. Adadin "miliyan ɗaya" da ake yawan ambata, wato sojojin Amurka da aka ce za su mutu ko su ji rauni a mamayar, ya shahara ne daga maƙalar Stimson ta 1947. A taron 18 ga Yunin 1945 adadin da aka tattauna gaban Truman ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Hukumar binciken Amurka ta ce a 1946 da Japan ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko ba bam ɗin, ko ba mamaya, ko da yake masana sun soki yadda ta kai ga wannan hukunci. Admiral William Leahy, babban hafsan Truman, ya rubuta daga baya cewa makamin bai taimaka wa yaƙin da komai ba.

A ganinmu, Hiroshima da shigowar Sobiyet tare suka karya turjiyar, raba su ba zai yiwu ba. Nagasaki ta fi wuyar karewa: labarinta ya iske majalisar tana zaune tana muhawarar miƙa wuya. Gobarar Maris kuwa ta fi duka wuya, domin mutum 100,000 sun mutu a dare ɗaya gwamnati ta ci gaba da yaƙi wata biyar. Tun a Fabrairu tsohon firaminista Konoe ya gaya wa Hirohito cewa an riga an sha kashi, sarkin ya zaɓi jiran wata nasara tukuna. Jinin waɗannan watanni yana wuyansa shi ma.

11. Akwai wata hanya da aka bari?

Akwai, kuma an kawo su a lokacin. Rahoton Franck na Yunin 1945, wanda wasu masanan da ke aikin bam ɗin suka rubuta, ya ba da shawarar a gwada bam ɗin a wurin da ba kowa a gaban wakilan ƙasashe. Aka ƙi, don tsoron ya ƙi tashi, ga kuma bama-baman ba su da yawa. Leo Szilard da masana kusan 70 sun sa hannu a takardar koke a Yuli, ba ta kai ga Truman kafin harin ba. Stimson da Joseph Grew, tsohon jakadan Amurka a Japan, sun so a bayyana wa Japan cewa sarautarta za ta tsira. Aka cire wannan daga sanarwar Potsdam, daga ƙarshe kuma aka bar sarkin a kan gadonsa. Ana iya jiran tasirin shigowar Sobiyet, ana iya ba da tazarar da ta fi kwana uku.

Ba ɗayansu da ke da tabbas. Ci gaba da datse teku da nakiyoyi, wanda wasu ke kawowa a matsayin hanya mai tsabta, yunwa ce, kuma yunwa da yara take farawa. Abin da za a iya faɗa da ƙarfi shi ne ba a gwada ko ɗaya ba.

12. Dokar yaƙi ta lokacin ta haramta? An hukunta wani?

Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta hana kai hari kan garin da ba a kare shi ba. Ƙa'idojin yaƙin sama da aka tsara a 1923 sun hana jefa bam don firgita fararen hula, amma ba a taɓa zartar da su ba. Kotun Tokyo ta 1946 zuwa 1948 ta hukunta shugabannin Japan kaɗai, ba ta kuma tuhume su da harin sama kan birane ba, tunda masu shari'ar sun yi irinsa. Alƙali Radhabinod Pal na Indiya ya kawo batun bam ɗin a hukuncinsa na saɓani. Robert McNamara, wanda ya yi aiki ƙarƙashin LeMay kafin daga baya ya zama sakataren tsaron Amurka, ya faɗa a tsufansa cewa LeMay ya ce da sun sha kashi da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi. A 1964 gwamnatin Japan ta ba LeMay lambar yabo saboda taimakonsa wajen kafa rundunar samanta.

A shari'ar Shimoda, ranar 7 ga Disamban 1963, wata kotun Tokyo ta ce hare-haren nukiliya biyun sun saɓa dokar ƙasa da ƙasa, amma ta hana diyya (dubi tambaya ta 14). Yau ba shubuha: ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya haramta ɗaukar birni sukutum a matsayin wurin hari ɗaya, wata yarjejeniyar makamai ta 1980 kuma ta haramta jefa makaman gobara daga sama inda fararen hula suka taru.

13. Me addini da masana ɗabi'a suka ce?

Musulunci da koyarwar Kirista kan yaƙi sun haɗu a wuri ɗaya: ba a nufin wanda ba mayaƙi ba da kisa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana kashe mata da yara, a Bukhari kuma ya hana azabtarwa da wuta. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham ta ƙara da tsofaffi da rushe gine-gine. Malaman fiƙihu sun tattauna majaujawa da harin dare, inda farar hula kan mutu ba da nufi ba, suka yi rangwame bisa larura. Amma rangwamen na wanda ya nufi mayaƙi ne. Wanda ya gina gidan gwaji da tabarma a Dugway (tambaya ta 3) ya san abin da ya nufa.

A 1944 limamin Katolika John Ford ya rubuta cewa share birane kisan marasa laifi ne. A 1956 Elizabeth Anscombe ta tsaya a Jami'ar Oxford ta ƙi amincewa a ba Truman digirin girmamawa, bisa hujjar cewa kashe marar laifi don cimma wata manufa kisan kai ne, komai kyawun manufar. Masu lissafin sakamako sun ce shugaban da ya bar mutum dubu ɗari biyar su mutu don hannunsa ya tsira shi ma yana da laifi. Mun ɗauki wannan da muhimmanci, amma muna tare da Anscombe. Mutanen da aka ce an ceta ƙiyasi ne da ba wanda zai iya tabbatarwa, kuma hujjar da ta halatta ƙona Tokyo za ta halatta wa kowace runduna ƙona kowane gari, matuƙar kwamandanta ya yi imani hakan zai gajarta yaƙi.

14. An biya diyya? An nemi afuwa?

Amurka ba ta biya ba, ba ta nemi afuwa ba. A yarjejeniyar San Francisco ta 1951 Japan ta yafe duk wani haƙƙi a madadin 'yan ƙasarta. Barack Obama ya ziyarci Hiroshima ranar 27 ga Mayun 2016, shugaban Amurka na farko da ya yi haka yana kan mulki, bai kuma nemi afuwa ba. A shekarun mamaya an tace labarai da hotunan ɓarnar, hukumar da Amurka ta kafa kuma tana auna marasa lafiya ba ta yi musu magani.

Waɗanda suka tsira daga nukiliya, da ake kira hibakusha, sun kafa ƙungiyar Nihon Hidankyo a 1956, suka sami dokar kula da lafiya a 1957. 'Yan Koriya da suka koma gida sun yi shekaru a kotu kafin a sa su ciki, wasu mutanen baƙin ruwan sama kuma sai 2021. Ƙungiyar ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, a 2025 kuma adadin masu katin hibakusha ya sauka ƙasa da 100,000.

Mutanen gobara ne aka bari a baya. Gwamnati na biyan tsofaffin sojoji da iyalansu fansho, farar hular da nafam ya ƙona ko ya mai da maraya bai sami komai ba. Ƙidayar 1948 ta sami marayu fiye da 120,000 a ƙasar. Kotun ƙoli ta ce a 1987 wahalar yaƙi abu ne da kowane ɗan ƙasa zai jure daidai da kowa, ta kuma yi watsi da ƙarar mutanen Tokyo a 2013. Tokar kusan mutum 105,000 tana ajiye a wani zaure a Yokoamicho da ke Tokyo, mafi yawanta ba suna. Cibiyar tarihin harin da aka buɗe a 2002 da gudummawar jama'a aka gina ta.

15. Wannan tarihi ya taɓa Afirka?

Ya taɓa ta wuri uku. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aka fara aikin bam da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a Katanga ta Kwango, lokacin mulkin Beljiyam, kuma ma'aikatan Kwango ne suka haƙo shi ba kariya. Na Arlit a Nijar ba ya ciki, sai 1971 aka fara haƙarsa. Na biyu, dubban sojojin Afirka ta Yamma a runduna ta 81 da ta 82 sun yaƙi Japan a Bama, Hausa ce harshen umarni a tsakanin da yawansu, kuma sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali.

Na uku ya zo daga baya. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tada bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, wanda ya ninka na Hiroshima ƙarfi kusan sau huɗu. Da ta ci gaba da gwaji, Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 ta ayyana Afirka yankin da ba makaman nukiliya, ta fara aiki a 2009. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 6 ga Agustan 2020, yarjejeniyar ta fara aiki a Janairun 2021. Ba ƙasa mai makaman da ta sa hannu, ita ma gwamnatin Japan ba ta sa ba, saboda tsaronta ya dogara da makaman nukiliyar Amurka.